Sirrin Siddabaru: Kayan Aiki Ne Ko Ƙwarewar Hannu?

Duk mai yawan leƙa TikTok, YouTube ko Facebook da wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon masu siddabaru ba. Wani ya damƙe kwandala a hannu ya buɗe babu komai, wani ya zaro kati daga fuskar wayarsa, wani kuma ya faɗa wa mutumin da bai taɓa gani ba lambar da ke ransa. Masu kallo kan rabu gida biyu, wasu su ce aikin aljanu ne, wasu su ce haɗin kwamfuta ne kawai. Sau da yawa dukansu ba su canka daidai ba.

Masu wannan sana'a, waɗanda Hausawa ke kira 'yan dabo ko masu rufa-ido, manyan hanyoyi biyu suke bi tun da daɗewa. Ko dai sirrin ya kasance a cikin kayan da suke wasa da su, ko kuma ya kasance a hannunsu. Wannan darasi zai yi bayanin yadda kowace hanya take aiki, inda ta fi ƙarfi da inda take da rauni, da yadda wayar hannu ta shigo cikin harkar. Sanin wannan ya wuce nishaɗi, domin da waɗannan hanyoyi biyu ne 'yan damfara ke raba mutane da kuɗinsu a bakin ATM da cikin shaguna.

Mene ne kayan sirri?

A yaren masu sana'ar ana kiransa gimik. Shi ne duk wani abu da aka ƙera ko aka yi wa gyara a ɓoye don ya yi aikin da mai kallo bai san yana iya yi ba. Wani ana ganinsa amma ana ɗaukarsa kamar kowane irin kaya, wani kuma ba a ganinsa sam. Ga misalai kaɗan da ake sayarwa a shagunan kayan dabo a duniya:

* Yatsan roba: wani ɗan kwanso ne mai launin fata da ake sawa a kan babban yatsa. Idan mai wasa ya tura ƙaramin hankici cikin dunƙulen hannunsa, a cikin kwanson yake tura shi, sannan ya fice da shi a kan yatsa.
* Kartar Svengali: Burling Hull ne ya fito da ita a Amurka a shekarar 1909. Rabin katunan duk iri ɗaya ne, kuma an ɗan rage musu tsawo. An jera su ɗaya dogo ɗaya gajere, ta yadda idan aka karkaɗa su ta gefe guda sai a ga katuna daban-daban, amma duk inda mai kallo ya tsayar, kati ɗaya zai samu.
* Kati mai baya biyu: ba shi da fuska, duk ɓangaren da aka juya bayan kati ake gani.
* Kwandala mai kwanso: an rarake cikin wata kwandala ta yadda za ta hau kan wata ta rufe ta, biyu su koma ɗaya.
* Zare da maganaɗisu: zaren da ya fi gashi siranta shi ke sa takardar kuɗi ta yi shawagi a iska, ƙaramin maganaɗisu a cikin zobe kuma shi ke motsa ƙarfe ba tare da an taɓa shi ba.

A duk waɗannan, wanda ya ƙera kayan ya riga ya yi rabin aikin tun kafin mai wasa ya fito gaban jama'a.

Mene ne ƙwarewar hannu?

A nan kayan na gaskiya ne. Kwandala ce ta aljihun kowa, karta ce ta kanti. Abin da ba na gaskiya ba shi ne motsin da ido ke gani. Dabaru uku ne tushen mafi yawan wasannin:

1. Ɓoyon tafi: riƙe kwandala ko kati a cikin tafin hannu da tsokar tafin kawai, yatsu a sake, hannu yana kama da wanda ba ya ɗauke da komai.
2. Karɓar ƙarya: mai wasa ya riƙe kwandala da yatsun hagu, hannun dama ya zo kamar zai ɗauke ta. A daidai lokacin da yatsun dama suka rufe ta, sai ya sake ta ta faɗa cikin hannun hagu. Dama ya tafi a dunƙule babu komai a ciki, idon kowa ya bi shi.
3. Ɗaga biyu: ɗaga katuna biyu a manne kamar guda ɗaya. Mai kallo ya ga kati na biyu yana zaton shi ne na sama. Idan aka mayar da su aka ɗauki na saman aka cusa a tsakiya, katin da ya gani yana nan a sama bai je ko'ina ba.

Littafin da masu karta suka fi girmamawa a wannan fanni shi ne The Expert at the Card Table, wanda ya fito a birnin Shikago a 1902 da sunan aro na S. W. Erdnase. Rabin farko na littafin dabarun maguɗin 'yan caca ne, rabi na biyu kuma na masu nishaɗantarwa, abin da ke nuna cewa tun asali hannun da ke sa mutane dariya da hannun da ke cutarsu motsi ɗaya suke yi.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu, wato cewa hannun ɗan dabo ya fi ido sauri. Ba haka ba ne. Motsi mai sauri ma shi ya fi jan ido. René Lavand, mutumin Ajantina da ya rasu a 2015, ya rasa hannunsa na dama a hatsarin mota yana ɗan shekara tara. Da yake duk littattafan dabo an rubuta su ne don masu hannu biyu, sai ya ƙirƙiri nasa dabarun da hannun hagu kaɗai, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne maimaita wasa a hankali, yana ƙara rage sauri, amma ba wanda ke gano shi. Haka shi ma Richard Turner na Amurka, wanda ya fara rasa ganinsa tun yana yaro, yana iya rarraba karta daga ƙasa ko daga tsakiya a gaban ƙwararru su kasa kamawa. Da yatsunsa yake jin kaurin katunan. Abin da waɗannan mutane suka mallaka shi ne sa motsin ƙarya ya yi kama da na gaskiya ƙwabo da ƙwabo.

Lokacin da sabuwar fasaha ta zama dabo

Tarihin kayan sirri yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin ƙere-ƙere. Duk fasahar da jama'a ba su riga sun sani ba, 'yan dabo kan riga kowa amfani da ita.

A 1770 Wolfgang von Kempelen ya gabatar da wata na'ura a fadar sarauniyar Ostiriya: mutum-mutumi sanye da kayan Turkawa, zaune a bayan akwati, yana buga wasan dara na ces yana cinye mutane. Kafin a fara akan buɗe ƙofofin akwatin ɗaya bayan ɗaya a nuna ƙarafa da haƙoran inji. A gaskiya gwanin ces ne ke ɓoye a ciki, yana zamewa a kan kujera mai tafiya daga wannan ɓangare zuwa wancan yayin da ake buɗe ƙofofin. Na'urar ta yi yawo a Turai da Amurka shekaru da dama, har ta buga da Napoleon, kafin ta ƙone a gobara a 1854. Daga sunanta ne kamfanin Amazon ya samo sunan dandalinsa na Mechanical Turk, inda mutane ke yin ƙananan ayyukan da ake zaton kwamfuta ce ke yi.

Sai Jean-Eugène Robert-Houdin, maƙerin agogo ɗan Faransa, wanda ake ɗauka a matsayin uban siddabarun zamani. Yana da wani ƙaramin akwatin katako da ko yaro zai iya ɗagawa, amma idan ya ga dama ƙato ya yi ta fama ya kasa motsa shi. An sa farantin ƙarfe a gindin akwatin, a ƙarƙashin dandamali kuma akwai maganaɗisun lantarki da ake kunnawa da kashewa. A 1856 gwamnatin mulkin mallakar Faransa ta tura shi Aljeriya domin ya rage wa shehunan da ke adawa da ita kwarjini a idon jama'a. Kamar yadda ya bayar da labari a littafin tarihin rayuwarsa, ya kira wani ƙaƙƙarfa daga cikin masu kallo ya ce zai zare masa ƙarfi, mutumin ya kasa ɗaga akwatin, daga baya kuma aka sakar masa lantarki ta mariƙin. Abin da ɗalibin sakandare ke haɗawa a yau da ƙusa, waya da batir, shi aka yi amfani da shi a wancan lokaci don tsorata al'umma guda.

A 1862 kuma aka nuna fatalwa a kan dandamali a Landan, dabarar da ake kira da sunan John Henry Pepper. Babban gilashi ne aka karkata tsakanin 'yan kallo da dandamali, yana ɗauko hoton ɗan wasan da ke ɓoye a wani wuri mai haske. Da wannan tsohuwar dabara aka nuna marigayi mawaƙi Tupac yana waƙa a bikin Coachella a 2012, sai dai an maye gurbin ɗan wasan da bidiyo. Irin gilashin ne kuma ke gaban kyamarar masu karanta labarai a talabijin, suna ganin rubutu, masu kallo ba sa gani.

Wayar hannu a matsayin kayan sirri

Babu kayan da ya fi waya dacewa da ɗan dabon wannan zamani, saboda kowa yana ɗauke da ita kuma ba wanda ke zarginta. Amma a cikinta akwai na'urorin ji da dama: mai auna motsi da karkata, mai jin maganaɗisu wanda ke aikin kamfas, makirfo, kyamara, Bluetooth, da NFC mai karanta kati daga tazarar 'yan santimita.

Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi kasuwa a farkon buɗe App Store a 2008 ita ce iBeer, kuma wani ɗan dabo mai suna Steve Sheraton ne ya ƙirƙire ta. Fuskar waya takan cika da abin sha, idan aka karkata wayar zuwa baki sai ya riƙa raguwa kamar ana kurɓa. Na'urar auna karkata ce kawai ke gaya wa manhajar yadda za ta zana ruwan. Simon Pierro na Jamus ya yi suna da zaro abubuwa na gaske daga fuskar iPad. A nasa wasan bidiyo ne ke tafiya a allo, shi kuma yana ɓoye da abin a tafin hannu, yana fito da shi a daidai daƙiƙar da hoton ya kai bakin allon. Manhaja ta yi rabi, hannu ya yi rabi.

Akwai ma dabarar da ba ta buƙatar sauke komai. A kalkuletar da ke da alamar baka kuma ba ta nuna dukan lissafin a fuska, mai wasa kan shigar da lambar da yake so a ɓoye, sannan ya danna tarawa, sifili, sau, da buɗe baka. Fuskar kalkuleta za ta nuna kamar ba a taɓa ta ba. Daga nan mutane uku ko huɗu su shigar da lambobin da suka ga dama suna ninkawa. Duk abin da suka shigar yana cikin baka ne, kuma sifili zai cinye shi, don haka da an danna daidai sai lambar farko ta fito, wadda tuni mai wasan ya rubuta a takarda ya ajiye. Sababbin kalkuletoci da ke nuna dukan layin lissafi sun kashe wannan dabara, kuma wannan shi ne babban ciwon kayan sirri na dijital: sabuntawa guda ɗaya na iya rusa wasan da aka yi shekaru ana ci da shi.

Masu rubuta manhaja za su fi kowa saurin gane wannan tsari. Kowace manhaja tana da fuskar da mai amfani ke gani, da kuma abin da ke gudana a bayan fage. Mai amfani yana yanke hukunci ne da abin da fuskar ta nuna masa. 'Yan dabo ma haka suke raba aikinsu, akwai abin da aka gani, akwai hanyar da aka bi, kuma duk wasan yana rayuwa ne a tazarar da ke tsakaninsu.

Wanne ya fi?

Wannan muhawara ce da ta daɗe a tsakanin masu sana'ar. Ga yadda hanyoyin biyu suke idan aka auna su:

* Lokacin koyo: mutum zai iya sayen kartar Svengali da safe ya ba abokai mamaki da yamma. Ɗaga biyu kuwa, kafin ya daina nuna alama, sai an yi watanni ana maimaitawa.
* Kuɗi: kayan sirri sai an saya, kuma yawanci kowanne wasa ɗaya yake yi. Ƙwarewar hannu ba ta cin komai sai lokaci, kuma dabara ɗaya tana shiga wasanni masu yawa.
* Bincike: idan mai kallo ya ce a ba shi kayan ya duba, mai gimik ya shiga uku, sai dai in ya iya musanya su kafin ya miƙa. Mai ƙwarewar hannu zai iya aron kwandalar mai kallon ma.
* Lalacewa: zare kan tsinke, batir kan mutu, Bluetooth kan yanke. Hannu kuma kan yi gumi ko rawa idan tsoro ya kama mai shi.
* Iyaka: akwai abin da hannu ba zai taɓa iyawa ba komai gwanintarsa, kamar sa abu ya tsaya a iska ko ɓatar da mutum a dandamali. Wannan sai da kayan aiki.
* Gefen kallo: ɓoyon tafi kan tonu idan akwai mai kallo ta baya ko ta gefe, alhali wasu kayan sirrin ana iya kewaye su ta ko'ina.

Wani abu da ya faru a Shikago a farkon shekarun 1920 ya nuna cewa tambayar wanne ya fi ba ita ce ta dace ba. Harry Houdini, wanda ya fi kowane ɗan dabo suna a lokacin, yana alfaharin cewa babu wasan karta da zai gani sau uku bai gano shi ba. Wani matashi ɗan Kanada mai suna Dai Vernon ya sa shi ya yi alama a kan kati, ya cusa katin a ƙarƙashin na sama, sai ga shi ya dawo sama. Ya maimaita har sau bakwai Houdini bai gano ba. Vernon yana cikin manyan gwanayen hannu da aka taɓa yi, amma a wannan wasa ya haɗa da kati mai baya biyu. Houdini yana ta zuba ido ya kama wani motsi mai wuya, alhali kati ɗaya ne ya sauƙaƙe aikin. Ƙwarewar ta ɓoye kayan, kayan kuma sun rage wa hannu nauyi.

Akasin haka ma gaskiya ne. Yatsan roba ba ya aiki a hannun wanda bai iya motsa hannunsa yadda ya saba ba, domin zai riƙa ɓoye babban yatsansa kamar mai ciwo, kowa ya gane akwai wani abu. Mai sayen gimik bai koyi sarrafa shi ba kamar mai kwafo kod ne daga intanet ya liƙa a manhajarsa bai fahimce shi ba. Zai yi aiki har ranar da wani abu ya canza, a ranar kuma ba shi da mafita.

Inda ainihin wasan yake

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa ido ba kyamara ba ne. Ƙwaƙwalwa tana zaɓar abin da za ta kula da shi, sauran kuma ta cike da zato.

A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane kallon bidiyo suna ƙirga sau nawa 'yan wasa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu, ya tsaya ya bugi ƙirji ya wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. A 2006 kuma Gustav Kuhn, masanin da shi kansa ɗan dabo ne, tare da Michael Land, sun gwada wasan ƙwallo mai ɓacewa. Mai wasa ya jefa ƙwallo sama sau biyu ya cafe, a karo na uku ya yi motsin jifa amma ya riƙe shi a tafi. Lokacin da ya bi jifar ƙaryar da idonsa zuwa sama, kusan kashi biyu cikin uku na masu kallo sun ce sun ga ƙwallon ya tashi ya ɓace a iska. Lokacin da ya kalli hannunsa, adadin ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ma'ana, mutane suna kallon inda mai wasa ke kallo, suna kuma ganin abin da suka sa rai za su gani. Wannan karkatar da hankali shi ne injin da ke tuƙa hanyoyin biyu. Ba tare da shi ba, gimik abin wasan yara ne, ƙwarewar hannu kuma motsa yatsu ce kawai.

Hanya ta uku: kyamara

A intanet akwai ƙarin hanya da babu ita a gaban jama'a, wato yanka da haɗa bidiyo. Ita ma ɗan dabo ne ya share mata fage. Georges Méliès, wanda ya sayi gidan wasan Robert-Houdin a Faris a 1888, ya ɗauki fim a 1896 inda mace ta ɓace daga kan kujera. A dandamali wannan wasa yana buƙatar kujera ta musamman da ƙofa a ƙasa. Shi kuwa tsayar da kyamara ya yi, matar ta tashi ta fita, ya ci gaba da ɗauka. Zach King na wannan zamani, wanda bidiyonsa na tashi a kan tsintsiya ya samu kallo sama da biliyan biyu a TikTok, ba ya ɓoye cewa gyaran bidiyo na cikin aikinsa.

Mai son tantance bidiyo zai iya rage saurinsa zuwa 0.25 a YouTube, a kwamfuta kuma maɓallan waƙafi da aya suna tafiya da shi hoto ɗaya bayan ɗaya. Abubuwan lura su ne inuwar da ta yi tsalle, hasken da ya canza farat ɗaya, ko mutumin baya da ya sauya wuri. Idan kyamara ba ta taɓa nuna bayan hannun mai wasa ba, akwai yiwuwar ɓoyon tafi ne. Idan mai wasa bai bari kowa ya taɓa kayan ba, zargi ya koma kan kayan. Idan kuma abin ya gagari duk wani bayani, a tuna cewa mutumin da ke ihun mamaki a bidiyon zai iya zama abokin aikinsa.

Idan dabo ya koma damfara

Ɗan dabo na gaskiya yana gaya wa jama'a tun farko cewa rufa-ido zai yi, su kuma sun zo ne don a ba su mamaki. Matsala tana farawa ne idan aka ɓoye wannan. Wani tsohon zane da ake dangantawa da Hieronymus Bosch, na wajen shekarar 1500, ya nuna mai wasan kofuna da ƙwallo, wani ɗan kallo ya sunkuya baki buɗe, na bayansa kuma yana zare masa jakar kuɗi. A 1584 Reginald Scot ya wallafa littafi a Ingila yana bayyana yadda ake irin waɗannan wasanni, har da hotunan wuƙaƙen da aka yi wa gyara, domin ya nuna cewa ba maita ba ce, a lokacin da ake kashe mutane bisa zargin maita.

A 1986 ɗan dabo James Randi ya tona asirin wani mai wa'azin talabijin a Amurka, Peter Popoff, wanda ke kiran sunayen marasa lafiya da adireshinsu yana cewa wahayi ne. Da na'urar kama siginar rediyo aka jiyo muryar matarsa tana karanto masa bayanan da mutanen suka cike a kati, ta wata 'yar na'ura da ke cikin kunnensa. A 2016 kuma Elie Bursztein, mai bincike kan tsaron intanet a Google, ya nuna wa taron DEF CON wata na'urar maguɗin karta mai siffar waya, wadda ke karanta alamomin da ido ba ya gani a gefen katuna, ta faɗa wa mai ita wanda zai ci.

Irin wannan bai tsaya a ƙasashen waje ba. Alat na bogi da ake nuna wa masu shago da masu POS gimik ne: saƙo ko rasit da aka ƙera ya yi kama da na banki. Maganinsa shi ne mutum ya duba kuɗin a manhajar bankinsa ko ta lambar USSD, a kan wayarsa, kada ya dogara da fuskar wayar mai saye. Musanya katin ATM kuwa ƙwarewar hannu ce tsantsa. Wani ya zo da sunan taimako, ya hango lambar sirri, ya karɓi katin na daƙiƙa biyu, ya mayar da wani mai kala iri ɗaya. Kada a miƙa kati ga baƙo, a rufe madannai da hannu, kuma duk sanda kati ya bar hannun mai shi a duba suna da lambobi huɗu na ƙarshe. Masu cewa suna wanke baƙin kuɗi ko ninka kuɗi su kuma duka biyun suke haɗawa: 'yan takardun gaske da aka shafa wa launi mai wankuwa don gwaji, sauran jakar kuma yankakkiyar takarda ce. A dukansu akwai gaggawa, surutu da kwaɗayi, waɗanda su ne karkatar da hankalin. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Ga mai sha'awar koyo

Wanda ke son gwada wannan fanni don nishaɗi zai fi cin riba idan ya fara da hannu, domin ita ce ƙwarewar da ba ta buƙatar caji. Ya samu kwandala ɗaya da karta ɗaya, ya ɗauki dabara guda, misali karɓar ƙarya. Da farko ya riƙa ɗaukar kwandalar da gaske sau da yawa yana lura da yadda yatsunsa da idonsa ke yi, sannan ya kwaikwayi wannan motsin ba tare da ya ɗauka ba. Kyamarar gaba ta waya ta fi madubi amfani a nan, saboda mai kallon madubi kan ƙifta ido a daidai lokacin da yake yin dabarar bai sani ba, bidiyo kuwa ba ya yi wa kowa kara. Idan ya kalli bidiyon ya kasa bambance na gaske da na ƙarya, to ya isa nuna wa mutane.

Bayan haka ne ya kamata a sayi kayan sirri ko a sauke manhajar dabo, kuma a duba izinin da manhajar ke nema, domin wadda ke son shiga lambobin waya da saƙonni ba tare da dalili ba, wataƙila mai wayar ne ake yi wa rufa-idon. Kada a maimaita wasa ɗaya sau biyu a gaban mutum ɗaya sai in akwai hanya ta biyu ta yin sa. Kuma a riƙa faɗa wa masu kallo cewa dabara ce, ba wani iko na ɓoye ba. Mamakin ba ya raguwa don an faɗi haka, kuma wannan furucin ne ya raba mai nishaɗantar da jama'a da mai cutarsu.